Zanen bangon George Town: ɗan jagora, keken beca, ko ka taka kai kaɗai?

Duk wanda ya tafi Maleshiya karatu daga nan Sakkwato, musamman malamanmu na jami'ar Danfodiyo da na kwalejin ilimi ta Shehu Shagari da na foli waɗanda asusun tallafin manyan makarantu na TETFund ya ɗauki nauyinsu, akwai hoto guda da kusan kowa sai ya turo gida kafin ya gama: yara biyu an zana su jikin wani tsohon bango suna bisa keke, keken kuma na gaske ne an kafe shi nan, sai ka ga babban malam da hularshi ya kama sirdin ta baya wai shi ke tura su. Wurin nan George Town ne, babban birnin jihar Penang, kuma tunda na yi zama a tsibirin na Penang, masu shirin tafiya sun maishe ni ofishin tambaya, wai in mutum zai je kallon zanen nan ya biya ɗan jagora ne, ko ya hau keken nan mai ƙafa uku da suke ce ma beca, ko kuwa ya buɗe taswira a waya ya taka abinshi. Amsar da nike bayarwa a tsaye bakin masallaci ita ce, in hoto kaɗai ya kai ka kar ka ba kowa ko sisi, in kuma unguwar kake son ka gane to ka biya, kuma ka nemi gwani. Amma maganar ta fi haka tsawo, don ya danganta da wa kake tare da shi, awa nawa gare ka, da irin wuraren da za ka yarda ka sa ƙafarka.

Garin kanshi wani Bature ɗan Ingila mai suna Francis Light ya kafa shi a 1786 da sunan kamfanin East India bayan ya karɓi tsibirin daga hannun Sarkin Kedah, kun ga ke nan ya girmi birnin Sakkwato da shekara 23, tunda Muhammadu Bello sai 1809 ya kafa namu. Tashar jirgin ruwa ce, shi ya sa kowa ya kwararo, Sinawa, Indiyawa Musulmi da 'yan Hindu, Larabawa, mutanen Aceh daga Sumatra, ga kuma Malayu 'yan ƙasa. Gidajen tsohon garin kusan duk fasali guda ne, shago a ƙasa, wurin kwana a bisa, baranda a gaba wadda ta haɗe da ta maƙwabci har ƙarshen layi. Ranar 7 ga Yulin 2008 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da garin Melaka, kuma tsakiyar da anka killace kadada 109 ce kacal, abin da mai lafiya zai ratsa da ƙafa ba tare da ya nemi abin hawa ba.

To abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kuma a kanshi zaɓin duka ya rataya, zanen nan iri biyu ne, akwai na fenti akwai na ƙarfe. Na fentin su sunka yi suna. A 2012 anka ba wani saurayi ɗan ƙasar Lituweniya, Ernest Zacharevic, aikin zana wasu bangaye saboda bikin shekara na garin, shi kuma dabararshi ita ce ya haɗa zane da kaya na gaske, yaran nan da keke a Lebuh Armenian (lebuh titi ke nan da harshensu), yaro bisa tsohon babur a Lebuh Ah Quee, wani yaron ya taka kujerar katako yana miƙa hannu ga wata 'yar taga a Lebuh Cannon, da wata yarinya mai shuɗin kaya ƙatuwa da ta dafa rufin tagogi biyu a Lebuh Muntri. Da abin ya karɓu sai wasu sunka biyo, akwai Louis Gan ɗan garin, kurma ne, shi ya yi wa da ƙanwa bisa lilo, akwai jerin zanen kyanwoyi na 2013 da anka yi don a ja hankalin mutane ga dabbobin da ke yawo ba mai su, akwai wata 'yar Rasha Julia Volchkova da ta zana wani Ba'indiye mai tuƙa kwalekwale a Lorong Stewart. Na ƙarfen kuwa sun ma riga na fentin. A 2009 gwamnatin jihar ta sa gasa kan yadda za a yi ma titunan alama, waɗanda sunka ci sunka zo da shawarar a lanƙwasa rodi a yi mashi walda ya zama zanen barkwanci a kafe jikin bango, guda 52 ne, kowane yana ba da labarin layin da yake, da 'yar gajeruwar magana ta Turanci ita ma da ƙarfen anka rubuta ta.

Na fentin ba ya buƙatar kowa ya yi maka bayani wallahi. Yaro ne bisa babur, ka gani, ka yi dariya, ka hau babur ɗin a ɗauke ka, shi ke nan. Ga mai son wanga kaɗai, tafiya kai kaɗai ta fi komai, kuma babban dalilina ba kuɗi ba ne, lokaci ne. A Penang rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 7, ka yi asuba wajen 6 ka ɗan karya ka fito, bakwai da rabi kana Lebuh Armenian, za ka ishe layin wayam, daga mai shara sai tsofaffi masu buɗe shago, ka ɗauki hotonka iya son ranka ba kan kowa ciki. Ka bari ƙarfe 10 ta yi kuma, ranar Asabar ko Lahadi ko lokacin hutun makaranta, sai ka bi layi kafin ka taɓa keken nan, mutum ashirin gabanka kowa da salon da yake son ya gwada, wata sai ta duba hoton ta ce bai yi ba a sake, rana na dukanka. Kuma kar wani ya ce ai ni ɗan Sakkwato ne mi zafi zai yi man. Namu zafin ya fi nasu a ma'auni, mu muna wuce 40 a watan Afrilu su kuwa 32 ko 33 ne, amma namu busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe, zufa ba ta bushewa, minti ashirin rigarka ta manne da baya, shadda mai sitati dai ka bar ta gida. 'Yan jagora kuwa yawanci sai 9 ko 10 suke farawa, wato daidai lokacin da mai wayo ya gama zagayen farko yana shan teh tarik, shayinsu na madara.

Taswirar zanen kyauta ake ba da ita a otal-otal da ofishin yawon buɗe ido, Google Maps ma ya san manyan. Sai dai taswira ba ta san abin da ruwan sama da gishirin teku sunka yi ma bango ba. Tsoffin bangayen nan farar ƙasa ce da yashi, suna shan danshi daga ƙasa, fenti na ɓarewa, Zacharevic kanshi ya sha dawowa yana gyara nashi. Zanenshi na yara cikin kwalekwale da ke Chew Jetty, unguwar nan ta gidajen katako bisa ruwa, tuni ya goge, amma har yanzu za ka ga hotonshi a intanet garau, mutum ya kwashi ƙafa cikin rana ya je ya ishe bango. Wasu kuma suna cikin lungu ne bayan shago, waya ta ce ka iso, ka juya hagu ka juya dama ba ka ga komai ba, ashe wata mota ce anka faka ta rufe shi. Wanda ke bin layukan nan kullum shi ya san wane ke nan, wane ya mutu, wane sabo ne. Ga kuma titunan ƙanana ne, barandar da ya kamata ka bi an cike ta da babura da tebura, dole ka sauko kan kwalta, motoci kuma hannun hagu suke bi ba irin namu ba, in hankalinka na kan waya sai ka duba inda ba nan mota ke fitowa ba.

Inda ɗan jagora ke cin kuɗinshi da halali shi ne na ƙarfen. In kai kaɗai ne za ka wuce guda goma ba ka ko ɗaga kai ba, baƙin rodi ne siriri jikin bango mai dabbare-dabbare, rubutun da wuyar karantawa, barkwancin kuma na 'yan gari ne. Misali a Lebuh Cannon akwai wanda ke nuna mai keke ya afka rami. Kai dai ka ga rami. Ɗan jagora zai tsaida ku ya ce a 1867 an yi wata tarzoma a garin ta kwana da kwanaki, ƙungiyoyin asiri na Sinawa biyu sunka gwabza, kowace da abokan ƙawancenta cikin Musulmin garin, masu farar tuta da masu jar tuta, har anka harba igwa ta fasa rami a layin, ga inda sunan titin ya samo asali. Daga nan labarin zai buɗe, waye ke da cinikin kuza, waye ke da na ƙwayar opium da tashar ruwa, mi ya sa Musulmi sunka rabu biyu kowa ya bi wani Basine. Wani ƙarfen a wajen Lebuh Muntri na nuna shagon da Jimmy Choo, mai takalman nan masu tsada da matan Turai ke rububi, ya fara koyon ɗinkin takalmi yana yaro. Wani na nuna mai tallan shinkafa da sanda a kafaɗa, tukunya gaba tukunya baya, asalin nasi kandar ke nan da za ka ci da rana. Na Lorong Love kuwa wani attajiri ne ke sulalowa ta taga, don an ce nan masu kuɗin da ke Muntri ke ɓoye matan da uwargida ba ta san da su ba, wanga kam in kana tare da madam ka shirya amsa tambayoyi a hanyar komawa.

Amma ni abin da ya sa nike cewa Basakkwace ya biya ɗan jagora ko sau guda, Lebuh Acheh ne. Layi ne shiru, taku kaɗan daga hayaniyar yaran keke, mafi yawan masu ɗaukar hoto ba su ma leƙa shi. Akwai masallaci nan da wani attajiri Balarabe daga Aceh, Tengku Syed Hussain, ya gina a 1808, shekarar da Alkalawa ta faɗi hannun jama'ar Shehu ke nan, hasumiyarshi mai kusurwa takwas, kabarin mai ginin na nan cikin harabar. Ɗan jagorar da ya kai mu, wani dattijo Ba'indiye Musulmi da ƙaramin tawul a kafaɗa yana ta goge wuya, ya tsaya ƙarƙashin hasumiyar ya nuna muna wata ƙofa zagayayya can bisa ya ce mutanen unguwa na cewa harsashin igwar tarzomar nan ne ya huda ta, sannan ya juya ya nuna jerin shagunan da ke fuskantar masallacin ya ce nan ne tashar alhazai. Kafin jirgin sama ya karɓe aikin a wajen shekarun 1970, maniyyata daga arewacin Malaya da kudancin Tailan da Sumatra nan suke taruwa su jira jirgin ruwa zuwa Jidda, har ana ce ma layin Jidda ta biyu, ga dillalan tikiti, ga gidajen saukar baƙi, ga masu buga littattafan addini da masu saida ihrami, dangi sun rako mutum suna kwana a baranda don ba su san ko zai dawo ba. Ni ina tsaye ina tuna kakanninmu da sunka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, wasu shekara da shekaru, wasu can sunka zauna har yau jikokinsu na nan. Ba allon da ya rubuta maka wanga yadda zai shige ka, kuma ba zanen fenti ko guda da zai kai ka wurin. Zuwa tsohon George Town ba mai bayani kamar baƙo ne ya shiga Hubbare shi kaɗai, zai ga gini ya ga mutane na shiga da fita, ya fito bai san gaban wa ya tsaya ba.

Daga nan in ka miƙe kaɗan sai masallacin Kapitan Keling na Indiyawa Musulmi wanda asalinshi 1801 ne, fari tas da manyan ƙubbobi, a titi guda da wurin bautar Sinawa da na 'yan Hindu da cocin St George na 1818, duk cikin tafiyar da ba ta kai ta minti goma sha biyar ba. A Lebuh Armenian ɗin ma, gida mai lamba 120 nan Sun Yat Sen, jagoran 'yan neman sauyi na ƙasar Sin, ya yi taron 1910 yana tara kuɗin juyin juya halin da ya kawo ƙarshen sarautar Sin, mutane na wuce ƙofar da askirim a hannu.

Su 'yan jagorar ma ba iri guda ba ne, kuma nan ake yin asarar kuɗi. Akwai na rukuni da kake yin bukin, wato ka kama wuri tun gaba, ta intanet, ku taru ku goma ko fiye, awa biyu zuwa uku, farashi a yanke. Akwai waɗanda ake ce ma na kyauta, ba kyauta ba ne, a ƙarshe kowa zai ba da abin da ya sawwaƙa, kuma kunya ba za ta bari ka juya baya ka tafi ba bayan mutum ya sha rana yana maka bayani, su waɗannan taron ya fi yawa, in kana baya rabin maganar babura sun cinye ta. Sai na ƙashin kanka, kai da iyalinka ko ku abokai huɗu biyar ku haɗa kuɗi, shi ya fi tsada a jimla amma in an raba ba wani abu ba ne, kuma shi kaɗai ne za ka ce mashi ga lokacin da nike so, ga inda nike so. A Maleshiya ɗan jagora sai da lasisin ma'aikatar yawon buɗe ido, suna rataya katin a wuya, ka duba. Kuma kafin ka biya ka tambaye shi tambaya guda, shin zagayen na zanen bango ne ko na tarihin unguwa? In ya ce na zane ne zalla, to zai kai ka ne inda wayarka za ta kai ka kyauta, ya riƙe maka waya ya ɗauke ka, ka biya kuɗin mai hoto ke nan. Wanda kake nema shi ne mai bin tarihi yana nuna zanen a hanya. Ƙungiyar Penang Heritage Trust da ofishin kula da wurin tarihin da ke nan Lebuh Acheh ɗin su ne inda ya dace a fara tambaya.

Rukuni na da matsalolinshi gare mu, gara in faɗa tun yanzu. Na farko hanya ce guda anka tsara ma kowa, kuma akwai shiga gidajen zuri'ar Sinawa irin Khoo Kongsi da wuraren bauta inda ake ƙona turare gaban gumaka, wani bai damu ba zai shiga ya kalli sassaƙa da aikin gini, wani kuma ba zai taka ba, to in kana cikin na biyu za ka tsaya waje kai kaɗai minti ashirin kana jiran mutane, kuma ka biya kuɗin shigar cikin kuɗin bukin. Na biyu abinci. Zagaye da yawa ana haɗa shi da ɗanɗane-ɗanɗane a hanya, Penang kuwa gari ne da Sinawa ke da yawa, taliyar nan soyayya da kowa ke yabo sau da yawa da kitsen alade ake yin ta, kar ganin kana ƙasar Musulmi ya sa ka saki jiki, ka nemi tambarin halal ko ka nufi shagunan Indiyawa Musulmi, Hameediyah da ke Lebuh Campbell tun 1907 suke saida nasi kandar. Na uku Turancinsu da sauri yake fita kuma da karin harshensu, kunne na ɗaukar lokaci kafin ya saba, wanda bai daɗe da sauka ba ya matsa gaba kusa da mai maganar. Sallah kam ba ta cika zama matsala ba don azahar sai bayan ƙarfe ɗaya, zagayen safe ya ƙare kafin nan, ga masallatai biyu a cikin unguwar. Na yamma ne ke cin la'asar.

Beca kuma wani abu ne daban. Keke ne da mazaunin fasinja a gaba, mai tuƙi a baya yana taka feda, an yi mashi ado da furannin roba da lema, mutum biyu marasa jiki yake ɗauka, da awa ake biya kuma a gama ciniki kafin a hau, a faɗi awa nawa, a faɗi zane nawa. Masu tuƙin yawancinsu tsofaffi ne, sun san kowane lungu, sun san inda za ka tsaya hoto ya fito, amma bayani kaɗan ne, zai ce maka ga yaro ga babur, sauka in ɗauke ka. Ga saurayi mai ƙafa ban ga amfaninshi ba sai dai sha'awa. Ga tsoho ko mai juna biyu ko mai ƙananan yara kuwa shi ne kawai hanya. Mahaifiyar wani abokin karatunmu ta zo bikin yaye shi, munka kai ta, ta ga mai keken da furfura fal kai ta ja da baya ta ce, "Kai ɗan nan, wanga ai sa'an Baffanka ne, shi zan zauna ya tura? Ku ji tsoron Allah." Ɗan nata ya ce, "Inna ki yi haƙuri ki hau, sana'arshi ce, in ba ki hau ba yau bai samu na cefane ba." Da ƙyar ta hau tana ta yi mashi sannu da Hausa a kowace kwana shi kuma yana ɗaga mata kai, da anka gama ta sa anka ƙara mashi bisa abin da anka yi ciniki. Da ƙafa da ba ta wuce layi biyu ba. Abu guda dai, tunda kai ne a gaba, kai ke fara shiga mahaɗar titi kafin mai tuƙin, mai tsoron mota ya san da haka.

Akwai maganar da na san wasu na riƙe da ita a ciki, ta hoton mai rai, mu da munka fito garin malamai. Ni ba mai fatawa ba ne, kowa ya san malaminshi. Abin da zan ce kawai, wanda ba ya son tsayawa gaban zanen mutum bai rasa abin gani ba a unguwar nan, kuma shi ne ma ya fi kowa buƙatar ɗan jagora na ƙashin kai, ya ce mashi masallatai nike so da layin alhazai da gidan tsohon attajirin nan Musulmi Syed Alatas da aikin ƙofofi da tayil ɗin barandu, a bar sauran. Ba za su yi mamaki ba, sun saba da baƙi Larabawa da Malayu masu irin wagga buƙata.

Gwanin ɗan jagora kuma zai gaya maka abin da hoto ba ya nunawa, cewa unguwar na ƙarewa da mutanenta. Dokar da ta daɗe tana hana ƙarin kuɗin haya a tsoffin gidajen ta daina aiki a farkon 2000, haya ta tashi, sannan sunan UNESCO da zanen nan sunka jawo 'yan kallo, masu gida sunka ga shagon kofi da na tsaraba sun fi kawo kuɗi bisa ga tela ko maƙeri ko tsohuwar da ta shekara hamsin a ɗaki guda. Shi Zacharevic da kanshi a 2019 ya fito ya koka da yadda Lebuh Armenian ta koma, har ya ce ya yi tunanin shafe zanen. Shi ya sa in ka shiga Chew Jetty ka tuna gidajen mutane ne, akwai mai barci akwai mai shanya, kar ka leƙa ɗaki da kamara.

To wa zai ɗauki wane? Ɗalibin jami'ar USM da ke nan cikin tsibirin, bas ɗin Rapid Penang ko motar hayar Grab da ake kira ta waya zai kawo shi, shi ba ya da gaggawa, ya fara zuwa shi kaɗai da sassafe ya gama da hotuna, wani satin su haɗa kuɗi da 'yan'uwa su ɗauki ɗan jagora na tarihi, in ya yi haka sau guda shi ma ya zama mai kai sabbin zuwa. Wanda zai taso daga jami'ar UUM a Kedah ko daga Kuala Lumpur da yini guda kacal a hannu, jirgin ƙasa zai aje shi Butterworth ya hau jirgin ruwa ya tsallako, inda zai sauka taku kaɗan ne zuwa Chew Jetty da bakin Lebuh Armenian, amma da wuya ya riski sanyin safiya sai in ya kwana, saboda haka layin hoto ba makawa, gara ya sa kuɗinshi ga ɗan jagora ya san ya koma da wani abu a kai, hoton ya ɗauka inda layi bai yi tsawo ba, yaron kujera da na lilo ba su kai na keke cunkoso ba. Mai iyali da yara ƙanana, beca awa guda, sannan masallacin Kapitan Keling, sannan abinci, kar ka ja su zagayen awa uku, kuka za ka saya da kuɗinka. Mai ɗan ƙaramin alawus da ke lissafin kowane ringgit da naira, taswirar kyauta, ruwa a jaka, da bas ɗin CAT da ke zagaya tsakiyar gari daga tashar jirgin ruwa zuwa dogon benen nan na Komtar ba a biyan ko sisi, sai dai ya daure ya tsaya ya karanta na ƙarfen ko guda goma ne, ya kuma shiga Lebuh Acheh.

Daga watan Satumba zuwa Nuwamba ruwa ya fi yawa kuma ba ya sallama, ka tambayi mai bukin tun farko ko ana maida kuɗi in an fasa saboda ruwa, ka riƙe 'yar lema ko wane wata ne. Ranar Juma'a ka zaɓi zagayen da zai ƙare kafin sha biyu da rabi in kana son sahu cikin Kapitan Keling. In kuma Lahadi ce kuma ƙafarka ba ta gaji ba, akwai Hin Bus Depot a Jalan Gurdwara can bayan Komtar, tsohon garejin bas ne da anka maida wurin masu zane tun 2014, ana cin 'yar kasuwa a ciki ranar, yana wajen tsohon garin don haka zagayen ƙafa bai cika kaiwa can ba, sai ka je da kanka bayan kun rabu da ɗan jagora.